Faratan da Na Binne a Ingila

Mutum na farko da ya cuce ni a Ingila Bahaushe ne, kuma ban cika awa guda da sauka daga jirgin ruwa ba. Ina tsaye a tasha, adakata a gabana, sanyi yana shigowa ta ƙafar wando, Turawa na ta wucewa ba mai ko kallona, sai na ji an ce daga bayana, "Sannu da zuwa, Malam. An sha hanya!"

Mako biyu ke nan kunnena bai ji Hausa ba. Na juya da sauri har hulata ta kusa faɗuwa. Wani baƙin mutum ne mai wushirya, cikin doguwar kwat, yana miƙo mini hannu biyu.

"Mutumin ina ne?"

Na ce, "Gumel."

"Allah Sarki, mutanen Lautai! Ai na sha cin kasuwar Maigatari ran Alhamis. Ofishin ɗalibai ne suka aiko ni in tarye ka. Kawo adakar in kai a auna ta, kai kuma tsaya nan, kada ka gusa ko taku ɗaya, garin nan akwai ɓarayi."

Gaskiya ya faɗa, akwai su. Na tsaya inda ya ce har ƙafafuna suka daina jin ƙasa. Adakar ta tafi da rigunana, da bargo, da kilishi, da garin kuka da daddawar da Inna ta yi kwanaki tana haɗa mini. Abin da ya rage sai 'yar jakar da ke rataye a wuyana mai takardun tafiya. Can da yamma wani ɗan sanda ya zo ya tsaya a kaina ya yi magana. Ban gane ko kalma ɗaya ba, Turancin da na koya a makarantar Midil bai yi kama da nasa ba. Na miƙa masa takardu, ina jiran ya nuna mini hanyar komawa jirgi. Sai ya kama hannun rigata, ya kai ni har cikin jirgin ƙasa, ya zaunar da ni kusa da taga. Ko na gode ban iya ce masa ba.

Bari in faɗi abin da ya raba ni da gida. Sunana Habu. Ubana mai yankan farce ne, a gindin wata tsamiya yake zama a kasuwar Maigatari, ran da ba kasuwa kuma ya bi ƙauyuka har Sule Tankarkar da 'yar jakarsa ta fata. Ni na yi boko, aka ba ni aikin malamin ɗakin shan magani a Gagarawa. Can na ga abin da ƙafa take yi wa talaka: kurkunu da damina, faso da rani, ƙayar da aka raina ta zama gyambo, da kutare masu taka garwashi ba su sani ba. Wanda nasa ya ɓaci sai a kai shi Kano, ya dawo da sanda da ƙafa ɗaya. Wata rana wani likita Bature da ke zagayen ƙauyuka ya tarar da ni ina fere kantar da ta kewaye gyambon wani manomi. Ya tsaya yana kallon hannuna, ya tambayi wa ya koya mini riƙon aska. Bayan shekara guda takarda ta zo cewa hukuma za ta tura ni Ingila in koyi likitancin ƙafa. A shekarun nan ne da ake ta maganar mulkin kai ba a kai ga samu ba.

Mutanen garinmu kuwa ba su bar maganar ta wuce haka nan ba. "Habu za shi ƙetare teku koyon yankan farce! Ai da ya tsuguna gaban ubansa, kyauta ne." To ka ga in na dawo da takardar shaida na rufe bakinsu. In kuwa na dawo hannu wofi, daga Gumel har Maigatari ba rumfar da ba za a yi hira da ni ba, kuma ba ni kaɗai ba, har da tsohon.

A Landan na nemo ofishin ɗaliban na gaskiya, da tambaya da nuni. Baturen da ke kula da mu ya yi Di'o a Arewa shekaru da yawa, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ɗalibai na kiransa Jan Kunne a ɓoye, don in ransa ya ɓaci kunnuwansa ne ke fara sanarwa. Na ba shi labarin adaka. Bai yi dariya ba, bai kuma ce sannu ba. Ya sa aka ba ni kwat da bargo daga cikin waɗanda tsofaffin ɗalibai suka bari, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Malam Habu, ka saurara. Makarantar da za ka ba su taɓa ɗaukar mutumin Afirka ba, da ƙyar suka yarda. In wasiƙa ɗaya ta zo mini daga gare su da ƙararka, ba na jiran ta biyu. Jirgin da ya kawo ka yana nan yana kai da kawowa."

"Ranka ya daɗe, ba za a samu ba in Allah ya yarda."

"Haka wani malami ya ce mini bara, a kan kujerar nan da kake. Wata biyar ya yi. An ce tun da ya koma bai leƙa ƙofar gidansu ba."

Daga ranar yatsan nan bai bar gabana ba. Ina cin abinci ina ganinsa, ina tafiya a titi ina ganinsa, in ɗan sanda ya tunkaro sai in tsallaka ɗaya gefen ba tare da na yi wa kowa komai ba.

Garin da makarantar take gari ne na masaƙu a arewacin ƙasar. Hayaƙi ya rine gidajen baƙi ƙirin, kuma duk iri ɗaya ne, har sai da na riƙa ƙirga ƙofofi kafin in gane inda nake. Gida uku na ƙwanƙwasa ina neman ɗaki, gida uku aka leƙo aka rufe. A na huɗu wata tsohuwa 'yar firit ta buɗe, Misis Wolton, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya bai dawo daga yaƙi ba. Ta dube ni daga hula har ƙasa, ta ɗan matsa gefe. Ni kuma na tuɓe takalmina a bakin ƙofa kamar yadda ake yi, na shiga da safa. Ta daɗe tana kallon takalman nan, sannan ta ce, "Ɗakinka yana sama. Shayi ƙarfe biyar."

A gidan nan komai tsoro yake ba ni. Murhun gas mai huci ban yarda in matsa kusa da shi ba. Naman da take sa mini ban san na mene ne ba, sai in ci dankalin in tura shi gefe. Maƙwabta suna da wani jibgegen kare da ke dafa shinge da ƙafafun gaba duk sadda na fito. Salla ma a hankali nake yi kada katakon ɗakin ya yi ƙara ta kai ƙarata, har tari nakan riƙe. Kewar gida kuwa ran Alhamis ta fi ci mini rai. Ina zaune a aji sai in ce yanzu shanu sun fara shigowa daga Damagaram, yanzu mai fura ta sauke ƙwarya, yanzu Baba ya shimfiɗa buzunsa yana wasa aska.

Wasiƙarsa ta farko ta same ni a cikin wannan hali, wani malami ya rubuta masa da ajami. "Habu, muna nan lafiya, gero ya yi kyau bana. Masu dariya suna nan suna yi. Na ce musu ɗana likita zai zama, su jira. Kada ka ba ni kunya." Na karanta ta sau uku, na sa a ƙarƙashin matashi.

Makarantar tana haɗe da wani asibitin ƙafa inda talakawan garin ke zuwa a duba su, tsofaffin masaƙa da masu haƙar kwal, yatsunsu sun lanƙwashe saboda tsayuwa da matsattsen takalmi. Mu ɗalibai mu ke yi musu aiki, malaminmu Mista Harkin yana bin bayanmu. Dogo ne, ba ya yabo ba ya zagi. In ka yi daidai sai ya wuce, in ka yi kuskure sai ya tsaya, kuma tsayuwar nan ta fi bulala. Wata uku muka yi muna haddar sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, muna fere sabulu da aska, kafin a ba mu mutum.

Wadda aka fara ba ni wata tsohuwa ce. Na yanke mata farata, na fere kantar da ke ƙarƙashin babban yatsa, ban fitar da jini ko ɗigo ba. Mista Harkin ya wuce. Daɗi ya kama ni, sai hannuna ya yi abin da ya saba gani tun ina ƙarami. Na tattara faratan da ɓawon fatar tsaf daga kan tawul, na zuba a tafina, na ɗan rusuna, na miƙa mata.

Ta dubi hannun, ta dube ni, ta ja da baya har kujerar ta yi ƙara. "Me zan yi da wannan?"

Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Mista Harkin ya dawo, ya nuna mini wani farin bokiti mai murfi. "Can ake zubawa, Mista Habu. Da yamma a kai tanderu a ƙone."

Wanda bai tashi a gidanmu ba ba zai gane abin da maganar nan ta yi mini ba. A wurin Baba yankan farce rabin aiki ne, ɗaya rabin shi ne abin da za a yi da farcen. In ya gama sai ya tattara, ya duba ko ɗaya bai fallatsa ba, ya zuba wa mai shi a hannu. In mutum yana sauri ya ce, "Binne mini," to ya zama amana, Baba ba ya shan ruwa sai ya tona rami ya rufe, kuma bai taɓa haɗa na mutum biyu a rami ɗaya ba. Ina ɗan shekara bakwai na taɓa share wasu da tsintsiya. Marin da na sha ran nan har yau kunnena na dama ya san da shi. "Kai Habu, wannan ɗan Adam ne, ba ɓawon gyaɗa ba ne! Jikin mutum ƙasa ake ba wa. In maƙiyinsa ya tsinta ya kai wa boka, ai da hannunmu aka cuce shi." Wuta kuwa, ko da wasa ba a haɗa ta da jikin mutum a gidanmu.

Na zuba a bokitin ran nan, don yatsan Jan Kunne na tsaye a gabana. Da aka tashi na ga hayaƙi yana fita daga dogon bututun da ke bayan asibitin, na koma gida na kasa cin abinci. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya. In na ƙi bin doka a mayar da ni gida. In na bi, ga ni ina ƙona bayin Allah kaɗan-kaɗan, mutanen da suka tuɓe takalmi suka miƙo mini ƙafa.

Dabarar da na yi, a lokacin na ɗauka ta mai hankali ce. Kowane majiyyaci yana zuwa da wata 'yar takarda mai kauri da sunansa a jiki, in an gama da shi a yar da ita. Sai in faki ido in naɗe faratansa a cikin takardarsa, in cusa a aljihu, in jefa audugar banza a bokiti don a ji ƙarar murfi. Ran Asabar da hantsi, in Misis Wolton ta tafi kasuwa, sai in sauka 'yar gonar furenta da ke bayan gidan, in ɗauki ɗan sheburinta, in tona ƙananan ramuka a gindin shinge, kowa da nasa, in yi bisimilla in rufe. Ban taɓa kawo tunanin sunayen da ke jikin takardun ba. Ni dai abin naɗi na samu a kusa.

Wata huɗu ina haka, kuma su ne mafi sauƙin watannin da na yi a ƙasar. Na fara cin abinci. Misis Wolton ta gano abin da ke tsakanina da naman, sai ta riƙa hawa bas zuwa wata unguwa mai nisa ta sayo mini na rago wurin wani mahauci Musulmi. Na fara gane Turancin masu haƙar kwal. Maigidan karen nan, Mista Bilton, wani tsohon masaƙi, ran da aka fara turo shi kujerata ya janye ƙafarsa ya ce a kira masa wani. Ba wani a kusa, dole ya haƙura. Da na gama ya taka ƙasa, ya sake takawa, ya ce, "Hannunka ba nauyi, maƙwabci." Daga nan in ya zo ni yake jira, ko da layin ya yi tsawo.

Karensa ne ya tona ni. A 'yan makonnin nan babban yatsan Mista Bilton ya yi baƙi, an kwantar da shi a babban asibiti ana maganar yankewa. Ran wata Talata na dawo daga makaranta da la'asar, na hango mutane cike da layinmu. Karen ya haƙa ta ƙarƙashin shinge, ya kai wa uwargidansa wani ƙulli a baki. Ta kwance, ta ga farata, ta ga sunan mijinta.

'Yan sanda biyu suna cikin gonar, sun jera ƙulle-ƙullen a kan wani buhu, kowanne da sunan wani ɗan garin. Matar Bilton tana hango ni ta ƙwalla ihu, "Ga shi nan! Shi ya yi wa mijina asiri! Ku duba, sunayen mutane ya binne!"

Na so in yi bayani, Turancin ya gudu gaba ɗaya, ba abin da ke fitowa daga bakina sai innalillahi, su kuwa da suka ji baƙon harshe sai suka ƙara ja da baya. Wani ya jefo guntun kwal ya same ni a kafaɗa. Misis Wolton ce ta ratso mutanen, ita da ba ta kai ƙirjina ba, ta kama hannuna ta ja ni cikin gida ta rufe ƙofa. Ta zaunar da ni, ta haɗa shayi, ta miƙo mini kofin.

"Ban san abin da ka yi ba, Habu," ta ce, "kuma ba na son farcen mutane a gonata. Amma ba wanda zai fitar da kai daga gidan nan yau."

'Yan sandan suka yi rubutu, suka duba littafinsu, suka rasa sunan laifin, sai suka kwashi ƙulle-ƙullen suka kai makaranta. Makaranta ta rubuta wa Jan Kunne wasiƙa. Aka ce kada in ƙara shiga aji sai an zauna a kaina ran Juma'a.

Kwana ukun nan ban san yadda suka wuce ba. Nakan zauna a bakin gado in ga kaina ina saukowa daga mota a tashar Gumel, ba adaka, ba takarda, kuma ba da sunan wanda ya faɗi jarrabawa ba, da sunan wanda aka koro saboda tsafi. Ɗan mai yankan farce ya je ya yi wa Turawa sammu da farce. To in haka ɗan yake, me uban yake yi da waɗanda ake ba shi ya binne? Wa zai ƙara miƙa wa Baba hannu a gindin tsamiya? Da na zo nan a tunani sai in tashi in yi alwala, in rasa wace salla zan yi.

Ran zaman Jan Kunne ya zo da kansa daga Landan. Ya same ni a baranda, kunnuwan sun riga sun fara aikinsu. Na durƙusa, ya ce in tashi, nan ba Gumel ba ce.

"Malam Habu, na san abin da ka yi. An taɓa yanke mini farce a kasuwar Haɗeja, an zuba mini a hannu, na san al'adar. Amma waɗanda ke cikin ɗakin nan ba su sani ba. Ka ce addininka ne ya hana ƙonawa, ka tsaya nan. Kada ka ambaci boka, kada ka ambaci sammu. In kalmar ta fito daga bakinka ita kaɗai za su ji, ni kuma ba abin da zan iya yi maka. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Mutum uku ne a bayan tebur: shugaban makarantar, wanda tsoho ne mai tabarau, da Mista Harkin, sai Jan Kunne a gefe. Ƙulle-ƙullen suna cikin wani kwali a tsakiyar teburin. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Shugaban ya gyaɗa kai, har na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ya cire tabarau.

"Tambaya ɗaya, Mista Habu. Kai ma'aikacin lafiya za ka zama. Ka yarda ana iya cutar da mutum da farcensa?"

Na dubi Jan Kunne, yana kallon silin. A'a kawai zan ce in koma aji. Na buɗe baki da niyyar faɗarta, Allah shi ne shaida, amma tsoron ya yi mini yawa har na kasa shirya ƙarya, abin da ke cikina shi ya zubo.

"A garinmu mun yarda," na ce. "Shi ya sa na ɓoye su, kada wani ya ɗauka ya cuce su. Mutanen nan sun ba ni ƙafarsu ba su san ni ba. Ubana ya ce abin da ka yanke daga jikin mutum amana ne sai ka ba ƙasa. Ban san yadda zan jefa su a wuta ba."

Kunnuwan Jan Kunne suka yi jawur, ya fara tattara takardunsa. Na ce a raina, shi ke nan Habu, sai jirgi.

Mista Harkin ne ya yi magana, mutumin da wata bakwai bai taɓa ce mini madalla ba. Bai dube ni ba, kwalin yake kallo. Ya ce yatsan Bilton ciwon sukari ne ya ci shi, jini ya fara ƙin kaiwa can tun kafin ɗalibin nan ya sauka a ƙasar, kuma yana rubuce a littafin asibiti. Ya ce abin da na yi ƙazanta ne a ƙa'idar aiki, kuma wauta ce. "Amma na tsufa ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibin da ya damu da abin da ya yanke bayan ya yanke ba. A ajin nan kuma ba wanda ya kai shi hannu. In kun kore shi, ku kuka sani."

Aka fitar da ni, aka daɗe. Da aka kira ni, shugaban ya karanta hukunci a tsaye. Zan zauna, amma da sharaɗi: in ɗauki kwalin nan da hannuna, yanzu, in kai tanderu in ƙone duka, a tabbatar na rabu da abin. In na ƙi, wasiƙar mayar da ni gida tana gaban Jan Kunne, sa hannu kawai ya rage.

Na tsaya ina kallon kwalin. Jan Kunne ya ce da Hausa, a hankali, "Ɗauki, Malam Habu."

Na ɗauka.

Tanderun yana ƙarƙashin ginin, da matakala ake sauka. Mista Harkin ya biyo ni ya tsaya daga sama don ya shaida. Mai kula da wutar wani dattijo ne mai suna Tomas, fuskarsa duk baƙin kwal, da wata tsohuwar hula a ka. Labari ya riga ya iso masa. Ya buɗe ƙofar ƙarfen da sanda, zafi ya bugi fuskata, na ga cikin jawur, na tuna duk abin da malaminmu na allo ya faɗa mana game da wuta. Ƙafafuna suka ƙi gaba. Tomas ya miƙo hannu zai karɓi kwalin ya juye gaba ɗaya ya hutar da ni. Na girgiza kai. An ce da hannuna, kuma ko ba a ce ba, ba zan haɗa su a jifa ɗaya ba.

Na ɗauki na farko, ƙasa na manne da shi, sunan bai goge ba. Ban san abin da ya sa ba, na karanta shi da ƙarfi, na ce a raina ki yafe mini, na jefa. Na ɗauki na biyu na karanta. A na uku ne na ga Tomas ya jingine sandarsa, ya cire hular, ya riƙe ta a ƙirji. Haka ya tsaya bai motsa ba, ina kiran suna ina jefawa, na Bilton da shatin haƙorin kare a jiki, hawaye da gumi sun haɗe mini a fuska, har kwalin ya ƙare. Da na ɗaga kai na ga Mista Harkin ya juya mana baya.

Tomas ya rufe ƙofar, ya mayar da hularsa, ya ce, "Je ka wanke hannu, ɗana. Ana jiranka a aji."

Na gama makarantar, na dawo da takardata, na yi aikin ƙafa a Gumel har idona ya daina ganin bakin aska. Tsoron jirgi ya bar ni tun a matakalar nan. Amma shekara biyun da suka biyo baya, kowace rana ta Allah da hannuna na zuba a farin bokitin nan, ba suna, ba bisimilla, kuma ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba sai yau da Baba ya daɗe a ƙasa. In aka tashe mu gobe ƙiyama aka tambaye ni inda na kai faratan nan, har yanzu ban shirya amsa ba.